Hannun Da Inna Ta Ɗaga

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma uwar mijina ta riga mu. Ta cika da hantsi, ranar kasuwar Filinge, gero bai gama shiga rumbu ba. Kafin azahar an kai ta. Kafin la'asar tsakar gidanmu ta cika da mata, har wasu sun kifa turmi sun zauna.

Ina zaune ina karɓar gaisuwa, ina kallon hannuwan mutane, don zama da ita ya koya mini wannan mugun hali. Abin da na gani ya kusa sa ni dariya a inda ba a dariya. Matan da shekara da shekaru ba sa shiga gidan nan sai hannunsu na cikin zane, ranar kowacce ta baje yatsunta a kan gwiwa suna shan iska. Wata tsohuwa daga unguwar mahauta ta ce, "Allah shi jiƙan ta, tana da hannu." Matar liman ta amsa, "Hannu kam, babu irinai har Yamai." Wata Bazabarma mai sayar da tabarmi ta yi mana gaisuwa da harshensu, ta juya ta ce da Hausa ai yanzu amare sun huta, sai ta kama bakinta. Na kasa kunne har rana ta faɗi ko zan ji wadda za ta ce marigayiya tana da kirki. Hannun kawai aka yaba.

Mutum ɗaya ce ta yi kukan gaskiya, jikarta, 'yar wan mijina, wadda aka sa wa sunanta. Tunda babu wanda zai iya kama sunan a gidan, Takwara muke ce mata. Ta kwanta a kan tabarmar kakarta ta ƙi ci ta ƙi sha. Masu gaisuwa suka riƙa leƙa ta, suna sunkuyowa kunnena suna tambaya, "Uwar ɗiyar za ta zaka?" Kowa a Filinge ya san an raba Takwara da uwarta tun tana ƙarama, kuma kowa ya san bakin da ya raba su. Ni ma abin da ke cina ke nan. Na sa a raina cewa tunda tsohuwa ta kau, sai na mayar da yarinyar nan ga uwarta, ko da zai zama aikina na ƙarshe a gidan.

Ba zan kama sunanta ba, suruka ba ta yin haka, ko a raye ko a mace. Inna muke ce mata. Ni matar ƙaramin ɗanta ce, maɗinki a bakin kasuwa. Na ci tuwo ƙwarya ɗaya da ita tun ina amarya har na fara furfura, saboda haka in na yi maganarta, mai ɗaki ce ke faɗin inda yake yoyo. Ba na so a manta da ita. Ba na kuma so a wanke ta da addu'ar kara har ta koma wata tsohuwa mai sanyin hali da ba mu taɓa gani ba.

Gajeriya ce, busasshiya, mai ƙaramin ido. Yatsunta sun rine sun yi baƙi tun kafin a haife ni. Sana'arta lalle, kuma ba ta taɓa fita da ita ba. Mai so ta zo gida, ko matar sarki ce. Tana da bishiyoyin lallenta a bayan ɗaki, ta yi musu shingen ƙaya, akuyar da ta kuskura ta leƙa sai mai ita ya ji tarihin kakanninsa. A inuwa take shanya ganyen, ta daka da kanta, ta tankaɗe da tsohon ƙyalle har garin ya fi na tuwo laushi. Ƙunshin ƙafa da na tafin hannu kowace mace a ƙasarmu ta Kurfai ta iya. Abin da ya raba Inna da sauran mata shi ne farce.

Takan ɗauki zare siriri ta naɗa a kan farce kafin ta ɗora lalle, in an kwance sai ka ga fararen layuka sun ratsa jan. Takan ɗiga kakin zuma da tsinke, ɗigo-ɗigo, ta kira shi bayan zabuwa. Takan rufe gindin farcen da ƙaro ta bar shi fari, ta kira shi jinjirin wata. In tana son baƙi sai ta bi da toka da sinadari, wari ya cika gida, amarya na hawaye, Inna na cewa in ta motsa za ta karya mata yatsa. Wallahi in ta gama, ko kana ƙin ta sai ka ce tubarkalla. Na sha tsayawa da tsintsiya a hannu ina kallo har in manta shara.

Da a nan ta tsaya da yau kowa na kuka. Amma Inna ta gano wani abu, ta mayar da shi wuƙa. Lallen fata yana gogewa cikin 'yan makonni. Na farce ba ya fita sai farcen ya tsiro ya turo shi gaba, fari na biyowa daga gindi, ana yanke jan kaɗan-kaɗan. In ta kama yatsanki ta duba inda jan ya kai, za ta gaya miki watan da kika yi ƙunshi, ba ta kuskure. "Hwata na mantuwa," in ji ta, "akaihwa ba ta mantuwa." Mu kuwa a wurinmu mace ba ta ƙunshi a banza. Mai takaba ba ta yi. Wadda mijinta ya yi tafiya mai nisa ba ta yi, sai an ji yana hanya. Saboda haka duk wadda ta miƙa wa Inna hannu, asirinta ta miƙa.

Ba ta kuma faɗa a ɓoye. Sai an taru take faɗa, da muryarta mai taushi kamar tana sa albarka. Wata bazawara ta zo gaishe ta bayan ta fita takaba, Inna ta riƙe hannunta ta ce, "Sannu da haƙuri. Wanga jan kau, kwana nawa ga mamacin cikin ƙasa kiy yi shi?" Matar ba ta sake shiga taro ba sai da farcen ya fita tas. Wata manomiya ta taho tun daga ƙauye da 'yarta za a yi mata ƙunshin aure. Inna ta juya hannun yarinyar, duk kanta da tsaga, ta ce, "Wagga kai mata hauya, ita ta dace da ita." Ta yi mata aikin, ya yi kyau, amma yarinyar da kuka ta fita. Matar tafintan Nasara kuma ta kawo wata 'yar kwalba daga Yamai, jan farcen Nasara, mata suka yi ca a kanta suna sha'awa. Inna ta sa babban yatsa ta kankare shi daga farcen matar, ta hure, ta ce, "Abin da a ka gogewa kahin sahiya, na masu abin ɓoyo na." Matar ba ta yi wa kowa laifi ba, kwalliya kawai ta so.

In kuwa uwar amarya ta taɓa yi mata kallon da bai gamshe ta ba, ta san abin da take zubawa a kwaɓin, lallen ya fito fari-fari kamar ruwan tsamiya. Sai ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah, lalle ya ƙi ta." Dangin ango su ɗauka su tafi da shi. Na san aure biyu da suka fara tsami daga nan.

Zan faɗi alherinta, don akwai, kuma ban taɓa gane shi ba. Akwai wata kuturwa da ke zama a ƙarƙashin gawo bayan kasuwa, ba mai taɓa ƙwaryarta. Kowace jajibirin salla Inna takan aika a kira ta har tsakar gida. Farce biyu suka rage mata a hannu ɗaya. Inna za ta ɗora wannan hannu a cinyarta, ta naɗa zare, ta ɗiga kaki, ta ɓata lokacin da ba ta ɓata wa amarya, tana yi tana faɗa. "Tsaya da kyau, mummuna. Biyu gare ki, sai su hi goman kowa." Matar tana dariya tana hawaye. Da na ce, "Inna, ba ki tsoron cuta?" sai ta ce cutar ce ke tsoron ta. Har matar ta rasu ba a fasa ba, kuma Inna ce ta yi mata wanka da sauran mata suka noƙe.

Yanzu maganar facalata, matar wan mijina, uwar Takwara. Yaya nake ce mata. 'Yar wani ƙauye ce a wajen Bonkuku, doguwa, mai sanyin murya, irin matan da in an taka su su ke ba da haƙuri. Ta riga ni zuwa gidan, ita ta koya mini yadda ake zama da Inna: ki durƙusa, ki sa ido ƙasa, ki ce to. Tana da kunya har ta yi yawa. Takwara 'yar farinta ce, don haka a gaban mutane ko kallonta ba ta yi, balle ta yi mata wasa. Sai sun shiga ɗaki nake jiyo su suna ƙus-ƙus suna dariya.

Takwara na goye Nasara suka ɗauki ubanta soja, aka wuce da shi bayan teku. Ya daɗe. Duk tsawon shekarun nan Yaya ba ta kusanci lalle ba, ko kwalli sai da ƙyar. Inna kuwa ta ɗora ranta a kan yarinyar. Matar da ba ta taɓa ce wa 'ya'yan cikinta sannu ba, sai ga ta tana tauna gyaɗa tana ba jika a baki. Tun yarinyar ba ta iya ɗaura zane ba ta ba ta tsinke da kaki tana ɗiga wa 'yar tsana.

Sai wani abokin soja ya riga shi dawowa, ya zo gaishe da Inna da saƙon baki. Ya ce ɗanta na nan tafe bayan salla, an yi masa alkawarin aikin gardi, wato dogarin Nasara, a Yamai, zai ɗauki matarsa da 'yarsa su koma can, yarinyar kuma lakwal, makarantar Nasara, zai sa ta. Inna ta ce madalla, ta sa aka ba baƙo fura. Ni a lokacin cikina ya tsufa, aka mayar da ni gidanmu haihuwa, can na yi salla. Abin da ya faru a gidan ranar jajibiri ban gani ba.

Na dawo da jaririna ba da daɗewa ba kamyo, babbar motar kaya, ya sauke soja a bakin kasuwa. Ya rame, idonsa ya yi ja, ƙara kaɗan sai ya zabura. Gida ya cika, maza a zaure har tsakar gida, mata a gefe. Yaya ta fito da ƙwaryar ruwa, ta durƙusa a gabansa, ta miƙa. Takwara na riƙe da gefen zanenta. Kafin ya karɓa, Inna ta taso ta kama hannun Yaya na dama, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Ruwan ya zube a ƙafar soja. Farce uku ne, babban yatsa da biyun da ke biye, rabinsu ja, rabi fari.

"Lallen wata biyu na wanga," in ji Inna, a hankali. "Ɗana na bayan teku. Wa anka yi ma?"

Yaya ta ce, da muryar da sai ka matso za ka ji, "Na ɗiya na, Inna. Ran jajibiri nis sa mata."

"Lallen aiki ba shi kama akaihwa haka."

Yaya ta ɗago ido ta dubi Inna. Ban taɓa ganin ta yi haka ba. Ta daɗe tana kallonta kamar mai jiran a ƙarasa magana. Inna ba ta ƙarasa komai ba. Yaya ta mayar da kai ƙasa.

Duk macen da ke wurin ta san gaskiya. Mai kwalliya hannun hagu take fara yi, don da dama take shafawa. Yatsa uku na dama, babu zare, babu zane, wannan hannun wadda ta shafa wa wani ne. Maza ne ba su sani ba, su dai sun san Inna ba ta kuskuren farce. Na duba matan nan ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta tura hannunta cikin zane tana kallon ƙasa. Raina ya ɓaci, na manta da duk abin da Yaya ta koya mini. Na miƙe da ɗa a baya na ce, "Inna, a duba na hagu mana!"

Ta juyo ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Mai wayo hannu guda ta ka yi, ta ɓoye shi cikin zane. Ke da kis san haka, ko ke ka yi mata gadi?" Wasu suka yi dariya. Mijina ya daka mini tsawa in shiga ɗaki. Na ƙi, na ce wallahi zalunci ne, na faɗa na ƙara. Ƙanwar Inna ce ta ja ni ciki ta tura ƙyaure. Daga nan na jiyo muryar soja. Bai yi ihu ba, bai tambayi kowa komai ba, ya sake ta a gaban mutane.

Washegari Yaya ta ɗaure kayanta. Na same ta na ce ta je wurin liman, ta je wurin alƙali, ta yi rantsuwa. Ta ce, "Ƙanwata, bari. Inna za ta hwaɗi da kanta." Na ce kunyar mara kunya asara ce. Ta yi murmushi kawai. Ta fita ta wuce Takwara a bakin zaure, mutane na tsaye, ko kanta ba ta shafa ba. Soja ya tafi Yamai shi kaɗai. Namijin da ba shi da mata ba ya riƙon 'ya mace a bariki, sai ya bar ta wurin uwarsa, maganar lakwal ta mutu.

Ni kuma na biya kuɗin bakina. Daga ranar Inna ba ta sake taɓa hannuna ba. Sunan sauran 'ya'yana duka da farce fari na yi, a gidan da mata ke tahowa daga nesa don lalle. In baƙi sun tambaya sai ta ce, "Wagga ba ta son ja, gaskiya ta ka so." Na koyi yi wa kaina, ya fito dabbare-dabbare, ta gani ta yi dariya har da riƙe ciki. Na tsane ta, ba zan ɓoye ba, kuma ni ce mai dama mata fura kullum, don ta ce ba wanda ya iya sai ni.

Takwara ta tashi a ɗakin kakarta. Ta gaji hannun, har ta fi. Ba ta gaji bakin ba, yarinya ce mai shiru, ba ta dariya sosai. Inna ta lulluɓe ta da so irin wanda ba ya barin iska ta shiga. Masu neman aure biyu ta kora don gidajensu na da nisa. Yaya ta yi wani aure a ƙauyensu, ba ta sake haihuwa ba. Takan aiko da 'yan abubuwa ta hannun mata masu zuwa kasuwa, ɗan zobe, ƙullin gyaɗa, Inna ta ba wa 'ya'yan maƙwabta a gaban yarinyar. Sau ɗaya Yaya ta zo da kanta ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta aika a ce mata masu gida na aiki. In na ja Takwara gefe zan yi mata maganar uwarta, sai ta ce, "Iya, Kaka na kira na," ta tafi, ko ba a kira ta ba.

Ciwon ajali ya kwantar da Inna tun farkon damina. Ni na yi jinya, wa zai yi? Wata rana da hantsi na fito da ita inuwa, Takwara ta tafi rijiya. Faratanta sun yi zaƙo-zaƙo, na ɗauko aska. Wanzami ba ya son jarfa, duk zamanmu ba ta taɓa barin wani ya riƙe mata hannu ba. Ranar ta bari, don ba ta da ƙarfin janyewa.

Na ce, "Inna, akwai maganar da ni ka so ki hwaɗi tun kina da baki."

"Ta waccan matar?"

"Kin san lallen aiki na."

Ta buɗe ƙaramin idon nan. "Ke har kin isa ki gwada min lallen aiki? Tun daga ƙohwar ɗaki nig gane shi. Makaho ma shi gane."

Na dakata da askar. Na san ta sani, amma jin ta faɗa daban ne. Na ce, "To don mi, Inna?"

"Da na yi kurum da sun tahi da ita Yamai. Ta komo tana gaishe ni da Nasaranci, ba ta san tankaɗen lalle ba. Na ba Nasara ɗa, rabinai sunka maido min. Ba ni ba su takwarata."

"Ki kira ɗiyar ki hwaɗa mata. Uwarta na raye."

"In hwaɗa mata ta tsane ni ina kwance?" Ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Bari in mutu, ke ki hwaɗi. Mu gani wa za ta yarda da shi, ni ko ke. Yanke a hankali, kina cin nama."

Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Na jira.

Ranar sadakar bakwai Yaya ta iso, a ƙafa, ta biyo masu jakuna. Da ƙyar na gane ta, ta tsufa ta riga shekarunta. Mata suka dare suka ba ta wuri, ana ta zungurin juna. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta yi wa Inna addu'a doguwa, kuma na rantse har zuciyarta ta yi. Na kama hannunta na kai ta ɗakina, na kira Takwara, na sakaya labule. Uwa da 'ya suka zauna, tabarma guda tsakaninsu, ba mai kallon wata.

Na faɗi komai. Na faɗi maganar hannun hagu da na dama, na faɗi abin da Inna ta ce mini a inuwa, kalma da kalma, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce, "Takwara, ga uwarki. Ba ta yi komi ba. Kakarki da bakinta tac ce." Shekarun nan duka wannan ranar nake jira.

Takwara ta bari na gama. Ta ce, "Iya, na sani."

Na ce ta san me.

"Ni anka sa ma lallen, ai ina tune. Kaka ta kwaɓa shi da hannunta. Ita tam miƙa mata ƙwaryar, tac ce bayanta na ciwo, ta sa min. Tana zaune tana kallo har anka gama."

Na juya na dubi Yaya. Kanta na ƙasa. Na ce, "Yaya, haka anka yi? Ita tab ba ki?" Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin na gane kallon da ta yi wa Inna ranar, da abin da take jira a ƙarasa.

Takwara ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba, kuma karo na farko ta dubi uwarta. "Ran da anka ɗaga hannunki ina riƙe da zanenki. Ina jira ki ce, Inna, ke kib ba ni. Magana guda. Ina ta jan zanen, ba ki ce ba."

"Uwar mijina ta," in ji Yaya. "Gaban maza, gaban ɗanta. Ƙaƙa za ni ce ta yi ƙarya? Na ɗauka za ta hwaɗi."

"Da kiz zo hita ina bakin zaure. Ko kaina ba ki taɓa ba."

"Da mutane, ɗiyata. Ke ta hwari ta."

Takwara ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta. "Kaka ƙarya tay yi don ta riƙe ni. Ke ko gaskiya ba ki iya hwaɗi ba don ki riƙe ni." Ta ɗaga labule ta ce akwai baƙi da ba a ba ruwa ba, ta fita.

Na bi ta tsakar gida, na roƙe ta, na yi mata faɗa, na haɗa ta da Allah. Ta ce in yi haƙuri, ta ci gaba da zuba ruwa a ƙwarya. Yaya ba ta kwana ba. Ta ce masu jakuna za su juya da la'asar, gara ta bi su. Na raka ta har bayan kasuwa. Da za mu rabu ta tsaya ta ce, "Ƙanwata, hannunta ya kai na Inna?"

Na ce ya fi.

Ta ce alhamdu lillahi, ta gyara ƙullinta a ka, ta bi bayan jakuna. Na tsaya har na daina ganin ta, sannan na zauna a bakin hanya na yi kukan da ban yi ranar mutuwa ba.

Allah ya jiƙan uwar mijina, ya yi mata hisabi da rahamarsa, don in da adalci ne ban san yadda za ta kwashe ba. Ta ce mu gani wa yarinyar za ta yarda da shi, ita ko ni. Yarinyar ta yarda da ni, kuma Inna ce ta ci.